Super Falcons: Kofi Na Goma Ya Zo Gida, Amma Maƙwabta Sun Taso

Masu karatunmu da suka ɗan kwana biyu a duniya ba za su manta da watan Oktoba na shekarar 1998 ba, lokacin da aka buɗe gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta matan Afirka a birnin Kaduna. A wasansu na farko 'yan matan Nijeriya, watau Super Falcons, sun kara da takwarorinsu na ƙasar Maroko, aka tashi ci 8 da nema. Ba su tsaya nan ba sai da suka bi ta kan Kwango da Masar da Kamaru, kowacce da ci 6 da nema, sa'an nan suka doke Ghana 2 da 0 a Abeokuta suka ɗaga kofin. Ƙwallo 28 suka jefa a raga cikin wasanni 5, ba wadda ta jefa musu ko ɗaya. A wancan zamani in an ce Falcons za su buga da wata ƙasar Afirka, ba a tambayar wa zai ci, sai dai a tambayi nawa za a ci.

To, shekaru 27 bayan haka, a daren Asabar 26 ga watan Yuli na 2025, waɗannan ƙasashe biyu suka sake haɗuwa, wannan karo a birnin Rabat, a wasan ƙarshe na wannan gasa. Kafin a cika minti 25 da busa usur, Marokon nan da aka yi wa ruwan ƙwallaye a Kaduna ta riga ta zura mana biyu, mu kuwa ko ɗaya ba mu da ita. Yadda aka yi 'yan matanmu suka juya wasan za mu zo kansa a nan gaba. Amma mun ga ya dace mu ɗauko sakamakon wasanninsu tun daga 2022 har zuwa ƙarshen 2025 mu bi shi daki-daki, domin abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin murnar dare ɗaya.

Shekarar da kofi ya suɓuce

A watan Yuli na 2022 Falcons suka tafi Maroko suna riƙe da kofin da suka ci a Ghana a 2018, a ƙarƙashin mai horarwa Randy Waldrum, mutumin Amurka. Tun wasan farko aka ga alama, don Afirka ta Kudu ta doke su 2 da 1, ga shi kuma babbar 'yar wasansu Asisat Oshoala ta ji ciwo a gwiwa, abin da ya raba ta da gasar baki ɗaya. Suka farfaɗo suka ci Botswana 2 da 0, Burundi 4 da 0, suka fitar da Kamaru da ƙwallo ɗaya tilo da Rasheedat Ajibade ta ci. Wannan nasara a kan Kamaru ce ta ba su tikitin zuwa gasar cin kofin duniya.

Sai wasan kusa da na ƙarshe da masu masauki, a gaban 'yan kallo sama da 45,000, taron da ba a taɓa ganin irinsa ba a wasan mata a nahiyar Afirka kafin wannan rana. An ba Halimatu Ayinde, haifaffiyar Kaduna, jan kati, daga baya aka ba Ajibade nata. Da mutum tara Nijeriya ta ƙarasa wasan har da ƙarin lokaci na minti 30, aka tashi 1 da 1, Maroko ta yi nasara 5 da 4 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ba mai zargin 'yan wasan da rashin zuciya a wannan dare. Abin da ya biyo baya ne abin kunya: kafin wasan neman matsayi na uku suka ƙi fita atisaye saboda ba a biya su alawus ɗinsu ba, Zambiya kuwa ta doke su 1 da 0. Ƙungiyar da ta saba dawowa da kofi ta dawo gida a matsayi na huɗu, Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin a karo na farko.

Watannin da suka biyo baya ma ba daɗi. A wasannin sada zumunta Amurka ta ci su 4 da 0, ta sake cin su 2 da 1, Japan ta ƙara musu da 2 da 0. Da gasar duniya ta ƙarato sai mai horarwan ya fito fili yana kuka da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a kan bashin albashinsa da rashin kyakkyawan shiri, hukumar ita ma ta mayar masa da martani a jaridu. Gaskiya mu faɗa, mu kanmu ba mu sa rai za su taɓuka wani abu a Ostareliya ba.

Wasanni huɗu a Ostareliya

Rukunin da suka faɗa a gasar duniya ta 2023 ba na wasa ba ne. Akwai Kanada mai riƙe da zinaren gasar Olamfik, akwai Ostareliya mai masauki, ga kuma Ireland. An buga wasan farko da Kanada a Melbourne ranar 21 ga Yuli, da misalin ƙarfe uku da rabi na dare agogon Nijeriya, don haka da yawa sai da gari ya waye suka ji labari a rediyo. Labarin kuwa shi ne, an ba Kanada fenariti, Christine Sinclair ta zo bugawa, matar da ta fi kowa a duniya, maza da mata, yawan cin ƙwallaye wa ƙasarta, amma mai tsaron gidanmu Chiamaka Nnadozie, yarinya 'yar shekara 22, ta faɗi ta tare. Aka tashi canjaras babu ci.

Ranar 27 ga Yuli a Brisbane aka yi wasan da har yanzu ake zancensa. Ostareliya ta fara ci ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, filin wasa mai ɗauke da mutum fiye da 49,000 ya ruɗe da sowa, amma kafin alƙalin wasa ta busa hutu Uchenna Kanu ta rama. Da aka dawo Osinachi Ohale ta ci ta biyu da ka, ta sha duka a ƙirji garin cin ta, sa'an nan Oshoala, wadda aka saka daga benci, ta ci ta uku daga wani lungu da ba wanda ya zaci ƙwallo za ta shiga. Da wannan ƙwallo ta zama 'yar Afirka ta farko da ta ci a gasar duniya uku daban-daban. Masu masauki sun rage ɗaya a ƙarshen ƙarshe, aka tashi 3 da 2. Kunnen doki babu ci da Ireland ya isa ya kai Nijeriya zagaye na biyu, Kanada kuwa ta tattara kayanta ta koma gida.

A ranar Litinin 7 ga Agusta da hantsi, lokacin da ma'aikata ke shiga ofis, aka haɗu da Ingila, zakarun Turai. Duk wanda ya kalli wannan wasa da idon adalci ya san wa ya fi taka leda. Ashleigh Plumptre, wadda a Ingilar aka haife ta, ta buga wata ƙwallo da ta daki ƙarfen saman raga ta dawo. Ana saura mintoci kaɗan a tashi, aka kori Lauren James saboda ta taka bayan Michelle Alozie da gangan tana kwance a ƙasa, Ingila ta buga duk ƙarin lokaci da mutum goma. A nan ne ciwon ƙungiyar ya bayyana: minti 30 suna da rarar mutum ɗaya, amma an rasa wadda za ta jefa ƙwallo a raga. A bugun fenariti Ingila ta ɓarar da na farko, mu muka ɓarar da biyu, aka tashi 4 da 2. Ingilar nan ita ta je har wasan ƙarshe kafin Sifen ta tsayar da ita.

Idan mai karatu ya lura, cikin wasanni huɗun nan ba wanda ya doke Falcons a cikin lokacin wasa, kuma a uku daga ciki ba a ci su ba. Amma a waɗannan ukun su ma ba su ci kowa ba. Washegari kuma ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta ba da sanarwa cewa tana taimaka wa 'yan wasan Nijeriya wajen neman wasu kuɗaɗensu da suka maƙale tun 2021.

Gasar Olamfik ta Faris a 2024 ba za mu daɗe a kanta ba, domin ita ma ba ta daɗe ba. Samun zuwa ma wani abu ne, tun da rabon Falcons da wannan gasa tun ta Beijing a 2008, watau shekaru 16. Sun fitar da Habasha da Kamaru, sa'an nan Afirka ta Kudu, da fenariti ɗaya da Ajibade ta ci a Abuja wanda suka je Pretoria suka kare. A Faransa kuwa Brazil ta ci su 1 da 0, Sifen mai riƙe da kofin duniya ta ci su 1 da 0 da bugun tazara na Alexia Putellas ana saura minti biyar, Japan ta ci su 3 da 1. Jennifer Echegini ce ta ci ƙwallo ɗaya tilon da suka samu. Ba a wulaƙanta su ba, amma ko maki ɗaya ba su kawo ba. A watan Satumba na wannan shekara Waldrum ya ajiye aiki, aka miƙa ƙungiyar ga mataimakinsa Justin Madugu, ɗan jihar Adamawa, a matsayin riƙon ƙwarya.

Yuli 2025

Gasar Afirka da ya kamata a yi a 2024 sai aka ɗaga ta zuwa Yulin 2025, kuma a Maroko aka sake yi. Hukumar ƙwallo ta yi wa tafiyar laƙabi da neman kofi na goma. Ga masu son lissafi, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, tana fara ƙidaya ne daga gasar 1998, shi ya sa ake cewa goma. Wanda ya haɗa da na 1991 da 1995, waɗanda aka buga gida da waje kuma Nijeriya ta lashe, zai ce goma sha biyu.

Wasannin rukuni ba su burge kowa ba. An ci Tunisiya 3 da 0, amma Botswana sai da ana saura minti ɗaya Chinwendu Ihezuo ta samu ta huda ta, Aljeriya kuwa ta tsare gida aka tashi babu ci. Masu sharhi suka fara cewa Zambiya za ta yi waje da su, musamman da yake tana da Barbra Banda, gwarzuwar Afirka ta 2024, da Racheal Kundananji, wadda kuɗin sayenta ya kafa tarihi a duniya a farkon wannan shekarar ta 2024. Ashe ba haka ba. Minti biyu da farawa Ohale ta ci da ka, kafin hutu an kai uku, aka tashi 5 da 0, kowace ƙwallo da mai cin ta daban. Banda da Kundananji kamar ba sa filin. An rama abin da ya faru a 2022 har da riba.

Afirka ta Kudu mai riƙe da kofi ta fi taurin kai. Ajibade ta ci fenariti, Linda Motlhalo ta rama da nata fenaritin, wanda shi ne karo na farko da aka zura wa Nnadozie ƙwallo a gasar. Kowa ya gyara zama don ƙarin lokaci, sai a minti na 94 Alozie ta ɗago ƙwallo daga nesa zuwa gaban raga, ta wuce kowa da kowa ta faɗa ciki.

Mu dawo daren Rabat. Maroko tana da mai horarwa Jorge Vilda, wanda ya ci wa Sifen kofin duniya a 2023, tana da kyaftin Ghizlane Chebbak, tana kuma da fili cike da mutanenta. Chebbak ta ci ta farko da wani bugu daga wajen da'ira, Sanaa Mssoudy ta ƙara ta biyu a minti na 24. Haka aka tafi hutu. Mun tabbata a gidaje da yawa an kashe talabijin an je an kwanta, ba kuma za mu ga laifin kowa ba.

Bayan an dawo, wasa ya sake kama. A minti na 64 na'urar bidiyo ta nuna wata 'yar Maroko ta taɓa ƙwallo da hannu, Esther Okoronkwo ta ci fenaritin. Minti bakwai bayan haka ita dai Okoronkwo ta kutsa ta gefe ta miƙa wa Folashade Ijamilusi, ta mayar da wasa 2 da 2. Daga nan alƙalin wasa, 'yar ƙasar Namibiya, ta ba Maroko fenariti, amma da ta je ta duba na'ura sai ta soke shi, hukuncin da Marokawa suka yi ta ƙorafi a kansa bayan wasa. A minti na 88 Okoronkwo ta sake bugo tazara, Echegini da ta shigo daga benci ta sa ƙafa, ƙwallo ta shige. An tashi 3 da 2.

Tsofaffin masu kallo za su tuna da 1999 a Amurka, lokacin da Brazil ta yi gaba da ci 3 da nema a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe na gasar duniya, Falcons ɗin Mercy Akide da Florence Omagbemi suka rama duka ukun, kafin a ci su ta huɗu a ƙarin lokaci. Marigayi Ismaila Mabo, mutumin Jos, shi ne mai horar da su a lokacin, kuma har gasar 2023 ba a sake kaiwa wannan matsayi ba. Zuciyar dai ita ce, sai dai a Rabat ta biya.

An zaɓi Ajibade gwarzuwar gasar, Nnadozie kuma mai tsaron gidan da ta fi kowa. Madugu ya cancanci yabo na musamman, domin ya yi abin da ba kowa ke da ƙarfin halin yi ba. Oshoala ta lashe kyautar gwarzuwar Afirka sau shida, ba wadda ta taɓa yin haka, amma da wasanni suka yi zafi sai ya ajiye ta a benci ya fara da waɗanda ƙafarsu ke ci a lokacin. Sunansa ya fito cikin masu horar da mata da aka ware don kyautar shekara a bikin Ballon d'Or na 2025. Wannan amsa ce ga masu ganin sai Bature ne zai iya riƙe ƙungiyar ƙasa.

Abin da lissafi ya nuna

Yanzu mu ajiye murna a gefe mu yi lissafi. A gasar Afirka ta 2022 wasa 6 suka buga, suka ci 3, suka zura ƙwallo 9, aka zura musu 4. A ta 2025 wasa 6 ne kuma, suka ci 5 da kunnen doki ɗaya, ƙwallo 14, aka zura musu 3. Wannan ci gaba ne da ba mai musunsa. Amma in aka haɗa gasar duniya ta 2023 da Olamfik ta 2024, wasanni 7 ke nan da ƙasashen da ba na Afirka ba, nasara ɗaya ce tak, ƙwallo 4 kacal, uku daga cikinsu a rana ɗaya. Wasannin sada zumunta na zamanin Madugu ma haka suka nuna: Faransa ta ci su 2 da 1 a ƙarshen 2024, suka yi canjaras babu ci da Fotugal a Yunin 2025. Bayanmu da ƙarfi yake, mai tsaron gidanmu kuwa sau uku a jere, daga 2023 zuwa 2025, CAF na zaɓenta wadda ta fi kowa a Afirka. Gaban ne ke neman gyara in an fita waje.

A cikin Afirka kuma ratar da ke tsakaninmu da saura ta tsuke ƙwarai. Ba sihiri Maroko ta yi ba. A 2019 ta buɗe katafaren sansanin horarwa mai sunan Sarki Mohammed VI kusa da Rabat, a 2020 ta kafa gasar ƙwararru ta mata mai rukuni biyu, hukumar ƙwallon ƙasar na tallafa wa albashin 'yan wasa. Cikin shekaru kaɗan ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka sau biyu a jere, ta kuma kai zagaye na biyu a zuwanta gasar duniya na farko. Tun da CAF ta ƙirƙiro gasar zakarun kulob-kulob na mata a 2021, har zuwa 2025 kofin tsakanin Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu da AS FAR ta Maroko da TP Mazembe ta Kwango yake yawo. Kulob ɗin Nijeriya bai taɓa ɗaga shi ba. Bayelsa Queens ce ta fi matsawa da ta zo ta uku a 2022.

Wannan yana da nasaba da wani abu da ba a cika son faɗa ba. Da dama daga cikin ginshiƙan ƙungiyar ba mu muka raine su ba. Plumptre da Rinsola Babajide a Ingila aka haife su, Alozie da Toni Payne a Amurka, Echegini a Holan. 'Ya'yanmu ne, kuma sun zaɓi rigar ƙasar iyayensu da zuciya ɗaya, Allah Ya saka musu. Sai dai da filayen wasu da malaman wasu da kuɗin wasu aka gina su. Waɗanda suka taso a gida ma, irin su Oshoala da Ajibade da suka fito daga FC Robo ta Legas, ko Nnadozie da ta fito daga Rivers Angels, sai da suka ƙetare teku kafin suka cika suka batse. Hazaƙar tana nan, shaida kuwa ita ce 'yan ƙasa da shekara 20 sun kai wasan ƙarshe na duniya a 2010 da 2014, 'yan ƙasa da 17 suka zo na uku a Indiya a 2022. Wurin rainonta ne ya yi ƙaranci.

Batun kuɗi kuma tsohon ciwo ne. A 2004, bayan sun ci kofi a Afirka ta Kudu, 'yan wasa sun ƙi barin otal sai an biya su. A 2016, bayan sun ci kofi a Kamaru, sun yi zaman dirshan a wani otal a Abuja, har suka ɗauki kwalaye suka yi tattaki zuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Duk shekarar 2017 ba a shirya musu wasa ko ɗaya ba, a Afrilun 2018 kuma Faransa ta yi musu 8 da nema. A 2019 a gasar duniya a Faransa an sake yin zaman otal, a 2022 aka ƙi atisaye. Sau huɗu ke nan cikin shekaru 18, kuma sau biyu daga ciki zakarun Afirka ne ke roƙon haƙƙinsu da kofi a hannu.

A wannan karo labari ya bambanta. Da suka dawo Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya karɓe su, ya ba su lambar girmamawa ta OON, ya kuma yi alkawarin dala 100,000 da gida mai ɗaki uku ga kowace 'yar wasa, da dala 50,000 ga kowane ɗaya daga masu horarwa. Don mai karatu ya gane girman abin, kyautar da CAF ta ba ƙasar da ta ci kofin dala miliyan ɗaya ce, watau daidai da rabon 'yan wasa goma kawai. Wasu sun yi gunaguni cewa ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da sojoji na fama, kuma ba za mu ce maganarsu ba ta da tushe ba. Mu dai ba ma baƙin ciki da abin da aka ba yaran nan, sun yi gumi. Abin da ke damunmu shi ne, kyauta tana zuwa ne bayan an ci, ita kuwa Maroko kafin a ci take kashe nata kuɗin. Yarinyar da ke buga wa wani kulob a Lafiya ko Yola ko Lokoja, wadda ake kwasa a doguwar mota a yi tafiyar yini guda da ita zuwa wasa, ba ta ga komai a wannan rabo ba, alhali daga cikin irinta ne za a nemo wadda za ta gaji Ohale gobe.

Mu a nan Arewa ma muna da abin dubawa. Hannunmu na cikin tarihin wannan ƙungiya tun farko: Kaduna ta ga wasanninta na 1998, Jos ta ba da Mabo, Adamawa ta ba da Madugu, Gboko ta ba da Francisca Ordega, Kaduna ta sake ba da Ayinde, Nasarawa Amazons kuma ta taɓa lashe gasar ƙasa. Amma in aka duba jerin sunayen 'yan wasa, namu ba su taka kara sun karya ba. Mun san abin da ke zukatan iyaye: tsoron tafiye-tafiye, tsoron hannun da yarinya za ta faɗa, tsoron kada ƙwallo ta raba ta da karatu, ga kuma maganar sutura. Waɗannan ba tsoron banza ba ne. Oshoala kanta ta sha faɗi cewa iyayenta ba su so ba da farko. Sai dai Alozie da ta ci Afirka ta Kudu ta yi digiri a jami'ar Yale, ta kuma haɗa ƙwallo da aikin bincike kan cutar daji a wani asibitin yara a Texas. Nouhaila Benzina ta Maroko kuwa da ɗankwalinta na hijabi ta buga gasar duniya ta 2023, ita ce ta farko da ta yi haka. Makarantun 'yan mata na kwana da muke da su, na gwamnati da na mishan, a da su ne ke fitar da 'yan tsere da 'yan wasan raga, ƙarƙashin idon malamai mata da iyaye suka amince da su. Ba mu ga abin da zai hana a fara daga nan ba.

Wata uku bayan daren Rabat, a Oktoban 2025, Falcons suka fito neman gurbin gasar Afirka ta 2026, wadda aka tsara cewa ƙasashe huɗun da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a cikinta su ne za su wuce kai tsaye zuwa gasar duniya ta 2027 a Brazil. Nijeriya ba ta taɓa fashin gasar duniya ba tun ta farko a ƙasar Sin a 1991, sau tara ke nan a jere har 2023. Abokiyar karawar ita ce Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, wadda ba ta taɓa zuwa gasar matan Afirka ba kafin lokacin. A wasan farko da aka buga a Lome, Ihezuo da Okoronkwo suka ci aka tashi 2 da 0. Wasa na biyu a Abeokuta aka yi shi, garin da aka ɗaga kofin 1998. Plumptre ta fara ci, 'yan Benin suka rama, aka tashi 1 da 1.